Kurkunun da Ya Ƙi Ƙarewa

A birnin ƙasa na Bahiya, wanda ke gindin tudu, can bakin gaɓa inda jiragen ruwa ke sauke kaya, akwai wani wanzami Bakano mai suna Ɗanbaba wanda ya kasa halittun da ba su da ƙashi gida biyar, kuma ba a taɓa yi masa musu ba. Dalili kuwa ba ya soma bayani sai ya ɗora wa mutum aska a maƙogwaro.

An kawo shi ƙasar Barazil yana saurayi, ya yi bauta har gemunsa ya fara furfura, sannan ya fanshi kansa ya kafa rumfa a gindin wani ɗakin ajiyar taba. Aski yake yi, da ƙaho, da cirar jiga, ƙwaron nan mai shiga cikin fata, daga yatsun 'yan dako. Wanzaman ƙasar sun koya masa aiki da matsattsaku, yana da su cike da tulu, yana ɗora wa Turawa masu ciwon kai su tsotse musu jini, Turawan su biya shi har su yi godiya. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum tunani a kan halitta. Ga kuma teku a ƙofar rumfa, kullum sai ta janye ta bar abubuwan da ba wanda ya taɓa gani a Kano, Ɗanbaba ya bi su da tsinke yana juyawa.

Gidan farko a tsarinsa na soson teku ne, wanda ba kai ba gindi, duk jikinsa ƙofofi, yana manne da dutse ruwa na shiga yana fita. Ɗanbaba ya daɗe yana shakkar ko dabba ce, daga baya ya yarda, don ya san mutane masu irin wannan zaman. Na biyu abin nan mai kama da kunun da ya daskare, wanda mutanen ƙasar ke kira ruwa mai rai. Ƙofa ɗaya gare shi, ta nan abinci ke shiga ta nan yake fita, in kuwa ka taɓa zaren da ke reto a ƙarƙashinsa sai ka ji kamar an ɗana maka wuta. Na uku masu faɗi, shugabarsu tsila. Ya nemi bakinta ya rasa, ya nemi cikinta ya rasa, ya gane ba ta da bukatarsu tunda a cikin abincin wani take kwance. Na huɗu masu jiki mulmulalle kamar igiya, farare, santsi ba gaɓa, wato macijin ciki da danginsa. Na biyar masu zobba a jiki, tana da matsattsaku. Katantanwa da kawa da ƙaguwa ba ya sa su a ciki, ya ce masu gidan kansu ne, a bar su sai ya sami lokaci.

Mutum ɗaya ce ba ta zuwa aski, saboda haka ita kaɗai ke iya gaya masa cewa aikin banza yake yi. Lantana ke nan, Bazazzagiya, ita ma ta fanshi kanta, tana sayar da soyayyen nama a gefen rumfarsa. In lokacin baleya ya zo, wato ƙaton kifin nan irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, takan tafi Itapuwa inda ake feɗe su ta saro naman ta kawo birni. Da ma Bakano da Bazazzagi abokan wasa ne. A gida kowannensu kan ce ɗayan bawansa ne, a yi dariya. A Bahiya sun ajiye wannan, sun riƙe sauran zagin, kuma ya ishe su.

Wata safiya 'yan dako biyu suka kawo masa Audu a rataye a tsakaninsu. Audu sabon zuwa ne, bai cika shekara da sauka daga jirgi ba, yana cikin waɗanda yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa suka kwaso suka zubar a bakin teku. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, magana ba ta dame shi ba, ya ɗan yi karatu a gida, kuma yana da wani hali da ke gajiyar da abokansa: ba ya ƙarya, ko ta wasa. Ubangijinsa wani Bature ne mai suna Bentu, mutum marar sana'a, wanda duk dukiyarsa bayi biyu ne da hula mai kyau. Yakan saki Audu da safe ya je dako, shi kuma ya zauna a inuwa ya jira abin da za a kawo. Ɗanbaba ya taɓa tunanin gidan da zai sa Bentu a cikin biyar ɗin nan, ya tsaya a na uku.

Audu ya ce idon sawunsa ne ke ƙuna kamar an kwantar masa da garwashi. Ɗanbaba ya durƙusa ya duba, ya ga bororo ya fashe, a tsakiyarsa wani farin abu kamar bakin zare. Ya ɗebo ruwan sanyi daga randa ya zuba. Farin abin ya ɗan turo kansa waje, ya saki wani ruwa mai kama da madara, Audu kuma ya yi ajiyar zuciya don zafin ya sauka. Ɗanbaba ya ce kurkunu ne, gida na huɗu.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san lissafin kurkunu. Ruwan tafkin da ka sha a daminar bara, shi ne ke fitowa a ƙafarka a daminar bana. Wato wannan a gida aka sha shi, ya tsallako teku a cikin Audu. Kafin la'asar labari ya zagaye tsofaffin Hausawan birnin, waɗanda suka yi shekaru ba su ga ko tsinke daga gida ba. Suka riƙa zuwa dubiya da ɗan goro a hannu, su gaida Audu a gurguje, su tsuguna su zuba wa ƙafar ido. Wani tsohon Bakatsine ya rantse ɗan garinsu ne, tunda Audu daga ƙasar Katsina yake. Audu ya ce shi ba zai ba da tabbaci ba, domin ta Nufe aka jawo su, kuma ya sha ruwa iri-iri a hanya. Tsohon ya ce masa ya yi shiru ba da shi ake ba. Wani kuma ya ce ko daga ina yake, shi ne Bahaushe na farko da ya zo Bahiya a kwance, da abincinsa, ba a kuma yi cinikinsa ba. Da sun san cewa abin da suke kira baƙo mace ce, cewa namijin ɗan ƙarami ne da ya daɗe da mutuwa a cikin naman Audu, cewa farin ruwan nan 'ya'yanta ne dubbai da take zubarwa duk sa'ad da ta ji sanyin ruwa, da barka suka zo yi ba dubiya ba. Ba wanda ya sani a lokacin, har Ɗanbaba.

Abin da ya sani shi ne aikin. Ya kama bakin zaren ya ɗaura a ɗan kara, kullum ya zuba ruwan sanyi ya murɗa karan kaɗan, da ya ji an yi masa gardama ya tsaya, ya shafa manja ya ɗaure da tsumma. Kurkunu ba a yi masa gaggawa. In ya tsinke sai sauran ya koma ciki ya ruɓe, ƙafa ta kumbura kamar turmi, mutum ya tashi gurgu in ma ya tashi. Bentu ya bar Audu yana kwana a bayan rumfar, don hawa tudu zuwa birnin sama ya gagare shi, kuma ciyar da marar lafiya ba ya cikin abubuwan da Bentu ke sha'awa.

Ana cikin haka Lantana ta dawo daga kasuwa da labari. Wani dillali ya tsallako daga gonakin rake na hayin teku yana sayen ƙarfafan maza kafin a fara matsar rake, Bentu kuwa ya yi masa tallar Audu, sun shirya. Sharaɗi ɗaya dillalin ya kafa: ƙafa ta warke tukuna. Kowa a rumfar ya san me ake nufi da gonar rake. A birni bawa na yawo, yana ganin 'yan'uwansa, yana samun inda zai bi jam'i, in ya yi tattali wata rana ya fanshi kansa. Wanda aka tsallaka da shi hayi kuwa, labarinsa ma ba ya dawowa. Audu ya ji, ya ce Allah ya kyauta. Amma naman da Lantana ta ajiye masa ya kwana a ganyensa.

Ɗanbaba ya zauna yana wasa aska ya daɗe. Ya ga cewa muddin kurkunu na ƙafar, Audu na birni. In aka fara matsar rake dillali zai koma da waɗanda ya samu. Duk rayuwarsa abin da yake alfahari da shi sauri da tsabtar hannu ne, yanzu ga shi ana nema ya zama raggon wanzami. Ya yarda. Ya daina murɗa karan sai dai abin da ya fito don kansa. Da Bentu ya zo da dillalin, wani gajeren mutum mai riƙe da hankici a hanci, Ɗanbaba ya yi musu bayani cikin harshensu cewa wannan dabba ba a yi mata gaggawa, wanda kuma gaskiya ne. Suka ce za su riƙa leƙowa.

Ya kuma kafa wa Audu doka: kada ruwan sanyi ya taɓa ƙafar nan, domin shi ne ke kiran abin waje. In ya zo alwala ya shafa a kan tsumma, shari'a ta yarje wa mai ciwo. Audu ya sunkuyar da kai, Ɗanbaba ya ɗauka an gama.

Sai dai kullum da safe in ya kwance tsumman sai ya tarar abin ya ƙara fitowa fiye da yadda aka yi yarjejeniya. Ya zargi iska, ya zargi raɓa, ya zargi Lantana. A ƙarshe ya tambayi Audu, Audu kuwa ba a tambayarsa sau biyu. Ya ce yana wanke ƙafar a kowace alwala. Rangwamen da aka yi, in ji shi, na wanda ruwa ke cutarwa ne, shi kuwa ruwa daɗi yake masa, ba zai ɗauki sallarsa ya sa a cikin dabara ba.

Ɗanbaba ya ce, "Malam Audu, na daɗe ina roƙon Allah ya kawo mini ɗan gida. Ban tuna na ce alƙali ba."

Audu ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan iya ba ne."

Haka aka ci gaba, wanzami na jinkirtawa sau ɗaya a rana, alwala na gaggautawa sau biyar. Ba a daɗe ba, wata hantsi, Ɗanbaba ya taɓa karan kawai sai sauran ya sulalo da ɗan lanƙwasasshen wutsiyarsa. Ya fito duka, ya fi tsawon hannu, ko ƙwarzane babu. Bai taɓa aiki mai kyau kamar wannan ba. Al'adar wanzamai kuwa in an ci irin wannan nasara a ɗaga a nuna wa jama'a, su ga ba a bar komai a ciki ba. Jikin Ɗanbaba ya tuna al'adar kafin kansa ya tuna dillali. Ya miƙe da karan a sama, ya buɗe baki zai kira 'yan titi, sai Lantana ta kifa masa faifai a hannu ta taka masa ɗan yatsa da duk nauyinta.

Ta ce, "Zauna, Bakano. Ku da ma in ba ku yi talla ba ba ku jin kun yi aiki."

Ya zauna. Su ukun suka zuba wa karan ido. Jirgin dillali na nan a gaɓa bai tashi ba, mutumin na iya leƙowa kowace rana, ga ƙafa ta kama hanyar warkewa.

Ɗanbaba ne ya fara ganin mafita. Abin da ke naɗe a kara ya bushe ya yi duhu, wannan ba matsala, haka yake ko da ma. Abin da dillali ke kallo shi ne ɗan farin da ke tsakanin tsumma da kara, wanda bai wuce tsawon yatsa ba. In aka sami wani abu ya tsaya a wurin, kurkunu bai ƙare ba. Lantana ta ciro zaren auduga daga bakin zanenta aka gwada, ya bushe nan take, ga gashi-gashi, ba shi da sheƙin abu mai rai. Dillalin kuwa ya yi shekaru yana sayen mutanen bakin teku, ya san kurkunu kamar yadda ya san haƙoran bawa.

Nan tsarin gida biyar ya sami ranarsa. Aka tono tana daga bayan rumfa, ta fito ja da zobbanta, tana ta neman hanyar komawa gida. Matsattsaku baƙi ne, kuma Ɗanbaba ya ce in aka ɗora shi zai ɗauki aikin da gaske. Tsohon Bakatsinen nan, wanda dole aka sa shi a cikin maganar don ba ya barin rumfar, ya samo guntun tsila daga wani wuri da bai faɗa ba, ba a kuma tambaye shi ba. Fara ce, amma shimfiɗaɗɗiya kamar ƙyallen saƙa, ga gaɓoɓi jere, makaho ma zai gane da hannu. Washegari tsohon ya sake zuwa da zaren ruwa mai rai a naɗe a ganye, yana murna. Ɗanbaba ya ɗauka don ya nuna masa kuskurensa, ya wuni da kumburarren yatsa, aski biyu suka wuce shi. Macijin ciki ne kaɗai ya zo kusa, mulmulalle, santsi, amma kaurinsa ya kai alƙalamin kara. Ɗanbaba ya ce gidan daidai ne, girman ne ba daidai ba. Ɗan gida na huɗu ake nema, siriri.

Lantana tana juya nama a kasko ta ce ita dai ta ga ikon Allah, ƙattin maza sun rasa tsutsa, alhali a Itapuwa in an farke tumbin baleya da hannu biyu ake kwashe irinsu a zubar wa tsuntsaye. Ɗanbaba ya juyo ya tambaye ta ko suna da zobba. Ta ce ba ta duba ba. Ya tambaya ko masu faɗi ne ko mulmulallu. Ta ce ita nama take zuwa saye, ba ta tsaya tambayar asalin kowa ba.

Da asuba ya rufe rumfa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kafa ta, ya bi ta. Suka bar wa tsohon Bakatsine gadin Audu, da umarnin cewa ko wa ya zo a ce wanzami ya hana kwance tsumma. Tafiya ce mai nisa a bakin teku, rairayi na cin ƙafa, Lantana na gaba da kwandonta tana ba shi labarin ragwancin Kanawa tun daga kakanninsu. Tun kafin su ga Itapuwa suka ji ta a hanci. Hayaƙin tukwanen da ake narka kitse ya rufe sama, ga baleya an jawo ta kan gaɓa kamar tudu, mutane sun hau ta da wuƙaƙe masu dogon ƙota, da yawansu Hausawa, suna yanka suna waƙa. Ɗanbaba ya gaisa da su, ya wuce tsokar da mata ke rububi a kanta, ya wuce kitsen, ya nufi inda aka jibge kayan ciki. Masu fiɗar suka tsaya suna kallon dattijo da farar riga ya naɗe hannu ya shiga tumbi.

Suna nan kuwa, a dunƙule a jikin bangon tumbin kamar zaren da ya harɗe. Ya zaro ɗaya ya murza tsakanin yatsunsa. Fari, mulmulalle, santsi, ba zobe ba gaɓa, siriri kamar an auna. Ya ɗaga kai ya dubi dabbar da ta fi rumfarsa da ɗakin tabar gaba ɗaya, ya yi tunanin cewa wadda ta haɗiye annabi ma tana fama da abin da ke damun yaran Kano. Ya so ya faɗa wa wani, amma ba aska a hannunsa, masu fiɗa kuma ba su da alamar haƙuri. Ya cika ƙoƙon kwakwa da ruwan teku ya zuba su ciki, ya rufe da ganye.

Da suka dawo birni Audu ya dubi ƙoƙon ya ce shi fa in an tambaye shi gaskiya zai faɗa. Ɗanbaba ya ce ya faɗa mana, da Hausa. Ya cusa bakin tsutsar a ƙarƙashin tsumma, ya ɗaura ɗayan bakin a tsohon naɗin, ya shafa manja. Tsohon Bakatsine ya duba ya duba, ya ce ko shi da ya san ɗan garinsu ba zai rantse ba.

Dillali ya leƙo ya ga fari ya tafi. Ya sake leƙowa ya ga fari. Duk wadda ta yi aikinta ta fara bushewa sai Ɗanbaba ya naɗe ta a kan karan ya sa sabuwa, naɗin ya yi ta girma har ya kai ƙwan kaza. Dillalin ya ce shi bai taɓa ganin mai tsawon wannan ba. Ɗanbaba ya ce ai ƙasar Hausa da nisa, komai nata dogo ne.

Ranar ƙarshe dillalin ya zo shi da Bentu, ransa a ɓace, domin an aiko masa cewa an soma sarar rake, jirginsa zai tashi da komawar ruwa. Ya sa aka tayar da Audu tsaye. Audu ya miƙe, kuma don ba ya ƙarya ko da ƙafa, ya tsaya sosai a kan duka biyun. Dillalin ya dube shi sama da ƙasa da idon mai saye, ya ce wa wanzami ya tambaye shi ko har yanzu yana jin ciwo.

Ɗanbaba ya tambaya. Audu ya dubi dillalin ido cikin ido ya ce, "Na warke sarai. Wannan da kake gani na kifi ne."

Ɗanbaba ya kaɗa kai cikin jimami, ya fassara cewa mutumin ya ce yana jin motsin abin har gwiwarsa, kuma tun jiya ɗayar ƙafar ta fara ƙaiƙayi. Lantana ta sunkuya tana hura wutar da ke ci da kanta.

Dillalin ya yi tsaki, ya cusa hankicinsa a aljihu, ya durƙusa. Ya ce shi ya gaji da wasan wanzamai, zai fizge abin da hannunsa kowa ya huta. Ɗanbaba ya ga yatsun mutumin sun nufi karan. Ja ɗaya za a yi, ɗan guntun tsutsar ya fito a hannunsa da bakinsa biyu, Audu ya kwana a jirgi, shi kuma wanzami a yi masa bulala a dandali. Bai hana shi ba. Ya juya wajen Bentu ya ce, cikin ladabi, shi ya cire hannunsa, sai dai yana so a gaya masa a gaban shaidu, in abin ya tsinke ƙafa ta ruɓe, gurgun na wane ne.

Bentu bai taɓa yin sauri a rayuwarsa ba sai ranar. Ya cafke wuyan hannun dillalin ya ce a biya shi tukuna, sannan mutum ya ja abin da ya ga dama. Dillalin ya ce ba ya sayen ƙafa da tsutsa a ciki. Bentu ya ce to ba a taɓa masa kaya. Suka miƙe suna yi wa juna bayanin iyayensu, 'yan dako suka taru suna kallo, har hular Bentu ta faɗi a kwata. Ƙarshenta dillalin ya tofa yawu ya nufi gaɓa.

Jirgin ya tashi da yamma, kuma a cike ya tashi. Ba wanda ya yi kamar bai san cewa wani ne ya cike gurbin Audu ba. Lantana ta ga mutumin ana wucewa da shi, wani Bayarabe mai tsage uku a kumatu, ta faɗa musu. Audu ya ce zai sa shi a addu'a. Abin da suke da shi ke nan.

Bayan kwana kaɗan Bentu ya dawo shi kaɗai, ya rame, domin bawa ɗaya ba ya ciyar da mai hula. Ya roƙi wanzami ya yi wani abu mutumin nan ya koma dako. Ɗanbaba ya ce zai gwada wata dabara ta mutanen ƙasarsu. Washegari da hantsi kurkunu ya ƙare. Wannan karon ya ɗaga karan sama ya kira 'yan titi, ya sami yabon da aka hana shi, har da na ƙari, don ba a taɓa ganin naɗi mai girman wannan ba. Labarin ya shiga cikin dillalai cewa dogon Bahaushen nan na Bentu tsutsa ce cike da jikinsa, ba wanda ya ƙara tayawa.

Naɗin yana nan rataye a rumfar, tsofaffi na zuwa su gaishe shi. Ɗanbaba ne kaɗai ya san inda kurkunu Bakatsine ya ƙare tsutsar baleya ta fara. Lantana ta ce har gobe tsarinsa aikin banza ne, an dai yi sa'a banzar ta yi amfani sau ɗaya.

Ran Juma'a Audu ya sauke gangar da ya yi dakonta ya zo aski. Ɗanbaba ya jiƙa masa gemu, ya ɗora aska a maƙogwaronsa, ya soma daga soson teku ya bi su ɗaya bayan ɗaya har matsattsaku, ya rufe da tambayar da ya saba, cewa gida biyar ke nan, ko ba haka ba.

Audu ya ce, "A'a, Baba. Ka bar katantanwa a waje, kuma ita ma ba ta da ƙashi."

Ɗanbaba ya ɗage askar ya dube shi. Daga gefen kasko Lantana ta ce a aske wa yaron nan kyauta, ita za ta ba shi nama.